TSINKEN ƘAFAR KEKEN TSERE: WANNE YA KAMATA A SAYA?

Duk wanda ya taɓa mallakar keke irin na iyayenmu, Raleigh ko Hercules ko Phoenix, ya san yadda ake ɗaure ƙafarsa. Aksul ne na ƙarfe curarre, da noti a kowane gefe, in kuwa za a cire ƙafa sai an nemo sifana. To, amma kekunan da ke shigowa kasuwanninmu yanzu, musamman na hannu waɗanda ake kawowa daga ƙasashen waje, da yawansu ba haka suke ba. Keken tsere, mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, aksul ɗinsa rami gare shi kamar bututu, sa'an nan an zura wani siririn ƙarfe ta cikin ramin, mai mariƙi a gefe guda. In an buɗe mariƙin ƙafa ta fita, in an rufe ta kamu, ba sifana ba guduma. Turawan Ingila suna kiran wannan ƙarfe da sunan tsinken da ake soka nama a gasa, saboda haka mu ma tsinken ƙafa za mu kira shi a nan.

Mun lura mai sayen keke yakan duba taya, ya gwada birki, ya ƙirga giya, amma da wuya ya kula da tsinke. In ma ya ɓace ko ya lanƙwashe, sai a tsinto kowane iri a wurin mai gyara a zura. Alhali kuwa wannan ɗan ƙarfe shi kaɗai ne tsakanin mahayi da ƙasa. Idan ƙafar gaba ta kwance ana cikin gudu, fok ne zai caki hanya, mutum ya tashi ta saman kan keke ya sauka da fuska. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Nufinmu mu nuna cewa abin da ake nema wurin tsinke shi ne riƙo. Rashin nauyi da kyan launi duk a baya suke.

ASALINSA

Mutumin da aka san wannan dabara da shi sunansa Tullio Campagnolo, ɗan garin Vicenza a arewacin Italiya. An haife shi a 1901, ya mutu a 1983. Da ƙuruciyarsa shi ma ɗan tseren keke ne. A zamanin nan yawancin kekunan tsere ba su da abin sauya giya irin na yau. Haƙoran sarƙa iri biyu ake sa wa ƙafar baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, in an iso gindin tudu sai mahayi ya sauka, ya kwance noti, ya juya ƙafar, ya mai da ita, kana ya hau. Notin kuwa mai fukafukai ne, wanda ake murɗawa da yatsu.

Labarin da masu keke ke bayarwa shi ne, cikin watan Nuwamba na 1927 Campagnolo yana tsere a kan wata hanyar dutse da ake kira Croce d'Aune, sanyi ya ƙandarar masa da yatsu har ya kāsa kwance notin, abokan tserensa suka wuce suka bar shi. Takaicin wannan, in ji su, shi ya sa ya zauna neman hanyar da za a riƙa cire ƙafa ba tare da murɗa noti ba. A 1933 ya kafa kamfaninsa a Vicenza, kamfanin kuwa yana nan har yau da sunansa. Tun daga lokacin dabarar ta bazu, har aka yi zamanin da ya zama da wuya a ga keken tseren hanya wanda ba shi da ita.

YADDA YAKE AIKI

Tsinke kashi huɗu ne. Akwai sandar kanta, kaurinta milimita 5. Akwai noti a ƙarshenta ɗaya, wanda ake murɗawa da yatsu don daidaita tsawo. Akwai 'yan sifirin biyu masu siffar mazurari, aikinsu kawai su tsai da tsinken a tsakiya don ƙafa ta shiga wurinta da sauƙi. Sa'an nan akwai mariƙi, wanda a gindinsa asirin yake.

Gindin mariƙin kewayayye ne, amma ƙusar da yake juyawa a kanta ba a tsakiyarsa take ba, an karkatar da ita gefe kaɗan. Saboda haka gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, watau yana da doro. Sa'ad da aka tura mariƙi, doron ya hau, sai ya ja sandar, kan tsinke da noti su matse fok daga waje, hob kuma ya tokare shi daga ciki. Hannun mutum yana tafiya mai nisa, doron kuwa ɗan motsi kaɗan yake yi, shi ya sa ƙarfin tafin hannu ɗaya ke zama matsi mai tsanani. Wannan ita ce ƙa'idar da ke sa yaro ya ɗaga dutsen da ya fi shi nauyi da doguwar sanda, kuma malamin da ke neman abin nuna wa 'yan makaranta a darasin kimiyya ba zai sami wanda ya fi wannan sauƙin ɗauka ba.

Har wa yau akwai wata hikima. Kafin mariƙi ya kai ƙarshen tafiyarsa, doron yakan wuce ƙololuwarsa ya ɗan gangara. Don haka jan da sandar ke yi shi ke riƙe mariƙin a rufe, ba ya buɗewa sai an sa ƙarfi an mai da shi ta kan doron. Tsinken da aka rufe daidai, girgizar hanya ba ta kwance shi.

ABU NA FARI: AWO

Kafin a taya tsinke, sai a auna. A cire ƙafar, a sa ma'auni tsakanin leɓunan firam biyu daga ciki, inda hob ke zama. A gaba kusan kullum milimita 100 ne. A baya ne ake samun bambanci. Tsofaffin kekuna masu giya 5 a baya milimita 120 ne. Masu giya 6 ko 7 yawanci 126. Kekunan tseren hanya masu giya 8 zuwa sama, masu birkin da ke kama rim, 130. Kekunan hawan duwatsu, da na hanya masu birki mai faifai waɗanda ke amfani da tsinke, 135.

Bambancin milimita 5 kamar ba kome ba ne, amma shi ne maganar. In tsinke ya gaza, notin zai kama zare biyu ko uku kaɗai, ranar da aka matse shi da ƙarfi sai zaren ya zame. In ya yi tsawo da yawa, noti zai kai ƙarshen zare tun bai matse kome ba, ko kuwa bakin sandar ya fito waje ya riƙa yagar tufa da ƙafar mutum. Abin da ake so, bayan an ɗaure, bakin sandar ya zo daidai da bayan noti ko kusa da haka.

A kuma duba aksul ɗin kansa. Wajibi ne bakinsa ya shiga tsagar firam, amma kada ya leƙo ta waje. In ya leƙo, tsinken aksul zai matse ba firam ba, mariƙi ya yi tauri kamar ya kama, alhali ƙafa tana lilo. Wannan yakan faru in an ɗauko ƙafar wani keke an sa wa wani, abin da ba a rasa gani a rumfar masu gyara.

ABU NA BIYU: DORO A CIKI KO A WAJE

Tsinkuna iri biyu ne a kasuwa, kuma ido ma yana rarrabe su. Na farko, irin na asali, doronsa yana ɓoye cikin wani ɗan ƙoƙo na ƙarfe, mariƙin ya fito ta gefen ƙoƙon. Irinsa Campagnolo da kamfanin Shimano na Japan suka saba yi. Na biyu, doronsa a fili yake, watau gindin mariƙin ne da kansa ke gugar wani ɗan kwano, sau da yawa na roba. Wannan ya fi sauƙin ƙira, ya fi rashin nauyi, ana kuma rina shi ja ko shuɗi ko ruwan zinariya, don haka shi ya fi cika tebur.

Amma na farko ya fi riƙo, kuma ga dalili. Doron da ke ciki ƙarami ne, ƙarfe ne a kan ƙarfe, yana cikin giris, saboda haka kusan dukan ƙarfin da hannu ya sa yana tafiya ga jan sanda. Doron da ke waje faffaɗa ne, wurin gugarsa yana da yawa, kuma wani kashi na ƙarfin hannu a gugar nan yake ƙarewa. Sai mutum ya ji ya sha wuya wurin rufewa, ya ɗauka ya ɗaure tamau, ashe rabin wahalarsa ta tafi a banza. Wani shahararren mai gyaran keke na Amurka, Sheldon Brown, wanda ya mutu a 2008, ya daɗe yana jan kunnen mahaya a kan wannan.

A ƙasarmu kuwa maganar ta fi nauyi. Doron da ke waje ba abin da ya raba shi da ƙurar hunturu da yashin hanya da ruwan damina. Ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wāshi, ta riƙa cin kwanon robar nan a hankali, rana kuma ta gasa shi. Kwanon yana sirancewa, riƙo yana raguwa, mai keke bai sani ba. Wanda ya riga ya mallaki irin wannan ba lalle ne ya yar ba, amma ya riƙa goge shi, yana ɗiga masa mai, yana duba kwanon. In ya ga ya tsage ko ya lotse, to, lokacin sauyi ya yi.

Akwai inda ba a ma yin shawara. A dubi tsagar da ƙafar baya ke shiga. A kekunan zamani tsagar tana duban ƙasa, saboda haka jan sarƙa ba ya iya fitar da aksul daga mazauninsa. A tsofaffin kekunan ƙarfe kuwa, irin waɗanda suka yi yawa cikin na hannu, tsagar doguwa ce a kwance, bakinta yana duban gaba. Duk sa'ad da mahayi ya taka feda da ƙarfi, sarƙa tana jan gefen dama na aksul zuwa gaba. In riƙo bai isa ba sai ƙafar ta karkace, taya ta manne wa firam ta hagu, keke ya tsaya cik, galibi kuwa a tsakiyar hawan tudu ko wurin tsallaka titi. Mai irin wannan keke ba shi da zaɓi sai tsinke mai doro a ciki, wanda fuskar notinsa da ta kansa ke da haƙora na ƙarfe masu cizon firam. Haƙoran alminiyam ba su cizon ƙarfe, su ne ma ke dakushewa.

ABU NA UKU: IRIN ƘARFE DA NAUYI

Sandar tsinke yawanci ta baƙin ƙarfe ce ko ta taitaniyam. Taitaniyam ba ya tsatsa, kuma bai kai ƙarfe nauyi ba, amma ya fi shi miƙewa in an ja shi, kusan ninki biyu. Tun da yake aikin sandar shi ne ta jure ja, miƙewar nan tana rage matsin da doro ya kawo. Mai jiki, da mai ɗaukar kaya, da mai birki mai faifai, ƙarfe ya fi musu.

To, nawa ne ribar rashin nauyin? Tsinkuna biyu na ƙarfe masu doro a ciki nauyinsu wajen giram 120 ne. Marasa nauyi na taitaniyam sukan sauko wajen giram 50. Watau abin da aka rage bai fi nauyin ƙwan kaza ɗaya da 'yar ɗoriya ba, kurɓi uku daga gorar ruwa ya shafe shi. Ga shi kuma tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shiga tserenta da keken da nauyinsa ya gaza kilo 6.8, don haka ko manyan 'yan tsere akwai iyakar da ba su wucewa. Malamin da ke tafiyar mil biyar zuwa makaranta, ko saurayin da ke motsa jiki ran Asabar, in ya ba da kuɗi masu yawa don ya rage nauyin ƙwai ɗaya ya kuma rage riƙon ƙafarsa, lalle cinikin bai yi ba.

Haka kuma a yi hattara da wanda ya cika araha, marar suna, mai walƙiya. Araha ba ta ado. Tsohon tsinken Shimano ko Campagnolo da aka ciro daga mataccen keke, in sandarsa a miƙe take, zarensa kuma bai ci ba, ya fi sabo marar asali. A mirgina sandar a kan tebur, in ta yi rawa a bar ta.

MASU BIRKI MAI FAIFAI

Birki mai faifai ya kawo wata sabuwar matsala. Abin da ke kama faifan yana bayan ƙafar fok ta hagu, saboda haka in an taka birki da ƙarfi, ƙarfin yana tura aksul ƙasa, watau ta bakin tsagar da ya shigo. Tsinke mai rauni, ko wanda ba a rufe sosai ba, yana iya sassautawa a hankali.

Ban da wannan, mariƙin kansa yana iya zama haɗari. A watan Afrilu na 2015 kamfanin Trek ya yi shela a komo da kekuna wajen 900,000 a Amurka da 98,000 a Kanada don a sauya musu tsinken gaba. Dalili, mariƙinsu yana buɗewa fiye da kima, in an bar shi a kwance sai ya faɗa cikin faifan birki, ƙafar gaba ta tsaya nan take. Mutum uku aka ba da labarin sun ji rauni, ɗayansu jikinsa ya shanye. Kafin shekarar ta ƙare waɗansu kamfanoni 13 suka bi sahu da kekuna fiye da miliyan ɗaya. Tun da yake keken hannu ba ya zuwa da tarihinsa, kowa ya gwada nasa. A buɗe mariƙin gaba har iyakarsa, a zura fensir tsakaninsa da faifai. In fensir bai wuce ba, a sauya tsinke. Waɗansu kuma kan mai da mariƙin gefen dama, nesa da faifan.

Saboda irin waɗannan dalilai, yawancin sababbin kekunan tsere masu faifai sun bar tsinke. Tun da UCI ta yarda da birki mai faifai a tseren hanya ran 1 ga Yuli 2018, abin da ya zama ruwan dare shi ne aksul mai zarcewa, mai kauri milimita 12, wanda ke ratsa rufaffen rami a fok ya shiga zare a ɗaya gefen. Faɗinsa 100 a gaba, 142 a baya. Wannan da tsinke ba su musanya. Mai neman irinsa sai ya tafi kasuwa da tsohon a hannu, domin tsawonsu da tazarar zarensu sun bambanta daga keke zuwa keke.

MAGANAR ƁARAYI

Abin da ya sauƙaƙa wa mai keke ya sauƙaƙa wa ɓarawo. Wanda ke jingine kekensa a bakin ofis ko kasuwa yini guda, yana iya fitowa ya tarar da firam a ɗaure, ƙafa ta yi gaba. Irin wannan mutum ba shi da bukatar cire ƙafa cikin daƙiƙa biyar kamar ɗan tsere. Akwai tsinke marar mariƙi wanda ake ɗaurewa da ɗan makulli mai kusurwa shida, akwai kuma irin na kamfanin Pitlock na Jamus wanda ba ya kwantuwa sai da makullinsa na musamman. Sai dai a riƙa yawo da makullin, don ƙaya ba ta sallama kafin ta huda taya.

YADDA AKE RUFEWA

Ko tsinken da ya fi kowane kyau, in ba a iya rufe shi ba aikin banza ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar mariƙi a buɗe a riƙa murɗa shi kamar noti har ya yi tauri. Wanda ya yi haka bai yi amfani da doron ba ko kaɗan. Ga yadda ake yi.

A tsai da keke a ƙasa don nauyinsa ya zaunar da aksul har ƙarshen tsaga. A tabbata 'yan sifirin nan tsukakken bakinsu yana duban ciki, wajen hob. A buɗe mariƙi, a murɗa noti da ɗaya hannun kaɗan kaɗan, ana gwada rufewa. Daidai shi ne a fara jin tauri sa'ad da mariƙi ya kai rabin hanya, watau ya miƙe sak da sandar. Daga nan a kama fok da yatsu, a tura da tafin hannu har ƙarshe. In ya bar shaida a tafin hannu, ya yi. In yatsa ɗaya ya rufe shi, a buɗe a ƙara murɗa noti. In kuwa sai an sa dutse ko an taka da ƙafa, ya yi yawa, a sassauta, don matsin da ya wuce kima yana cutar da 'ya'yan hob.

Mariƙi a lanƙwashe yake, in ya rufu lanƙwasarsa ciki take dubawa, wajen ƙafa. Bisa al'ada a hagu ake sa shi, nesa da sarƙa. Kada a bar bakinsa yana duban gaba inda reshe ko ƙafar wani keke za ta iya ɓalle shi, kada kuma a kwantar da shi a jikin fok har ya tokare kafin ya gama rufuwa. In an gama, a ɗaga gaban keke a bugi taya daga sama da tafin hannu, a kuma girgiza ta gefe da gefe.

A bakin tsagar fok na yawancin kekunan zamani akwai waɗansu 'yan kunnuwa biyu. An yi su ne don su tare ƙafa in tsinke ya kwance. Suna sa a ɗan warware noti kafin ƙafa ta fita, shi ya sa waɗansu ke goge su da zarto. Kada a yi haka. Jinkirin daƙiƙa goma bai kai karayar haƙora ba.

Malamai da ma'aikata su ne ake tambaya a gari, kuma yara masu sha'awar tsere a hannunsu suke. Muna roƙo su riƙe waɗannan abubuwa su kuma koyar: a auna kafin a saya, a fifita mai doro a ciki da sandar ƙarfe, a gwada da fensir in akwai faifai, a kuma taɓa mariƙin nan biyu kowace safiya kafin a hau. Rigakafi ya fi magani.